Yadda Ake Kafa Sabuwar Tukunyar Narka Dalmar Birgi

Birgi ba ya nutsewa da kansa. Dalmar da aka jera a bakinsa ita ke buɗe shi a iska, ta ja shi ƙasa kafin karfasa ta sulale, ita ce kuma ke haɗe bakin idan masunci ya fara jawo igiya. Kalli ma sai da dalma a igiyarsa ta ƙasa yake miƙewa cikin ruwa, haka taru. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka tare Gulbin Sakkwato, tafki ya kwanta a ƙasar Maradun, su ya zama abincin gidaje da yawa a yankin nan namu, daga Damaga zuwa Talata Mafara har Tafkin Natu na wajen Bakura. Dalma kuwa ƙarewa take yi. Wata ta maƙale a kututturen da ruwa ya shanye, wata ta tsinke, wata ta lotse har ta daina riƙe igiya. Saye kullum ba ya yi wa talaka, shi ya sa mai ɗinkin raga ko masuncin da ya ɗan tara kuɗi yakan yanke shawarar kafa tukunyarsa.

Narka dalma ba wuya gare shi ba. Digiri 327 kawai take bukata, zafin da gawayin dafa shayi ma yake kaiwa. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya yi shekaru yana narka ta ba tare da ta shiga jininsa da jinin 'ya'yansa ba, kuma yawancin wannan ana yanke shi ne tun ranar farko, kafin a hura wuta: ina aka kafa tukunyar, da me aka yi ta, wa aka bari ya matso kusa.

Mu mutanen Zamfara ba sai an ba mu labarin halin dalma ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka fito bibiyar sanƙarau suka tarar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda yara ke jijjiga suna mutuwa, an ba su maganin zazzaɓi bai yi komai ba. Kafin nan ma agwagin garuruwan sun fara ƙarewa, ba wanda ya gane dalili. Ashe dutsen zinare ne da ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa, a shanya a tsakar gida, dutsen nan kuwa cike yake da dalma. Dareta, 'Yargalma, Abare, Bagega, duk sun ɗanɗana. A ƙauyuka biyu da aka fara bi gida-gida, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da tituna aka zuba sabuwa, Bagega kuma ba a kai gare ta ba sai 2013. MSF ba ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha ba sai farkon 2022. Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri.

Wani zai ce ai wancan dutsen zinare ne, ni raga nake yi wa nauyi. To ga wanda ya fi kama da mu. A Thiaroye-sur-Mer, garin masunta a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, an daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota ana zuba dalmar raga, burbushin yana taruwa cikin yashin unguwa. Da dalma ta yi tsada, mata suka shiga tankaɗe yashin suna kai shi gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwa ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka abu na farko shi ne wuri. Ba a kafa tukunyar dalma a tsakar gida, ko a zaure, ko a bayan ɗaki inda yara ke rarrafe. A fita da ita bayan gari, wuri mai tudu wanda ambaliya ba ta kaiwa, nesa da rijiya, nesa da inda ake bandar kifi ko shanya hatsi, nesa da mashayar dabbobi da fadamar da ake shuka shinkafa da albasa. Dalma ba ta ruɓewa. Abin da ya zube a ƙasa bana, jikokinka za su same shi. Ka yi rumfa ta kwano mai tsayi, babu bango ko ɗaya, don iska ta ratsa, rufin kuma ya tare maka yayyafi. Idan da hali ka yi daɓen siminti mai santsi, taku uku a taku uku ya isa. Idan babu, ka shimfiɗa faffaɗan ƙarfe ka lanƙwasa bakinsa sama, ka zuba busasshen yashi kaɗan a kai, duk abin da ya ɗiga ya tsaya nan. Ka kewaye wurin da ƙaya ko waya saboda awaki da kaji.

Ka lura da iska kafin ka kafa dirka. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Ka duba ɓangarorin nan biyu, ka tabbata babu gida ko makarantar allo a bakin hanyar hayaƙin. Kai ma kullum iska ta zama a bayanka ko a gefenka, ta ɗauke hayaƙin daga fuskarka.

A halin rashin tsaron da ƙasarmu ke ciki, akwai wata magana da ya kamata a faɗa. Wanda aka gani yana narka dalma a ɓoye cikin daji, zargin da zai hau kansa ba na raga ba ne. Ka je ka gaida Sarkin Ruwa da mai unguwa, ka gaya musu abin da za ka yi da inda za ka yi shi, aikinka ya zama a fili, kuma kada ka zuba wa kowa abin da ba nauyin raga ba.

Sai ita tukunyar. A nan mutane da yawa ke kuskure saboda sun manta nauyin abin da za su zuba. Dalmar da za ta cika gwangwanin lita ɗaya ta fi kilo 11, wato ta ninka ruwa sau goma sha ɗaya. Tukunyar alminiyam ta girki, wadda wasu ke kira sanholo, ba ta narkewa sai digiri 660, amma tun kafin nan take laushi, gawayin da ake zugawa kuwa yana wuce haka a gindinta. Wata rana gindin ya ɓalle ba sallama, ruwan dalma ya kwarara kan ƙafa. Gwangwanin madara ko na tumatir bai da kauri, haɗinsa yana buɗewa. Bokitin kwano da duk ƙarfen da aka shafa wa tutiya don hana tsatsa, su ma a bar su: tutiyar tana tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, tana kuma ɓata dalmar. Tukunyar ƙasa tana tsagewa.

Abin da ya dace shi ne baƙin ƙarfe mai kauri. Ka je wurin mai walda a Talata Mafara ko Maradun, ka sa ya yanko maka guntun bututun ƙarfe mai faɗin baki kamar santimita 15, tsayi kamar 12, kaurinsa kada ya gaza milimita 4, ya liƙa masa gindi da farantin ƙarfe, ya yi waldar ciki da waje. Gindin ya ɗan fi bututun faɗi don kada ta kife. Ya sa mata kunnuwa biyu masu ƙarfi, ya ɗan matse baki a gefe guda wurin tsiyaya, ya yanko murfi. Tukunya mai wannan girma, idan dalma ta kai zurfin santimita 5 a cikinta, kana da wajen kilo 10, wanda ya ishi birgi biyu ko uku. Kada kwaɗayi ya sa ka yi babba. Wanda ke son yanka tsohuwar tukunyar gas don araha, ya sani ragowar gas yana zama a ciki ko da ta yi shekara a yashe, kuma ta sha hallaka masu walda. Araha ba ta ado.

Kafin ka bar shagon, ka zuba mata ruwa ta ɗan jima, ka duba ko waldar tana tsatsafo. Wannan ne karo na ƙarshe da ruwa zai shiga cikinta. Ka sa mai waldar ya rubuta GUBA a jikinta da wutar walda, ya yi wa ludayi da cokalin alama irin wannan. Dalilin a fili yake. Tukunya tana daɗewa fiye da mai ita, kuma ranar da aka zo rabon gado ko aka kwashe kaya aka yi gudun hijira, wata baiwar Allah za ta ga ƙarfe mai kyau ta soya gyaɗa a ciki. Abin da ya taɓa dalma ya rabu da abinci har abada, wanki ba ya mayar da shi.

Murhu ya zama ƙasa-ƙasa. Duwatsu uku na girki ba su isa ba, domin dutse yana fashewa da zafi, yana kuma gocewa. Ka sa a yi maka mazauni na ƙarfe mai ƙafa huɗu, tsayinsa kada ya wuce taƙi ɗaya da rabi, ka kewaye shi da jan bulo ko busasshen tubali, ka bar ƙofar iska. Ka gwada shi da sanyinsa: ɗora tukunya, cika ta da duwatsu, tura ta da sanda ta kowane gefe. Idan ta yi rawa, gyara. Gawayi ya fi itace, don wutarsa a kwance take kuma ba ya tartsatsi sosai. Zugazugi na tayar da wuta ne kawai, da ta kama a ajiye shi.

Kayan hannu kaɗan ne: ludayin ƙarfe mai dogon hannu da ɗan baki na tsiyaya, cokalin ƙarfe mai huji na kwashe datti, awartaki, filaya, almakashin kwano, guduma, gwangwanin fenti mai murfi na zuba datti, da bokitin busasshen yashi. A jikinka kuwa, riga mai dogon hannu da wando na auduga mai kauri, takalmi rufaffe, ƙafar wandon ta sauko ta rufe bakin takalmin don kada ɗigo ya faɗa ciki. Safar hannu ta fata irin ta masu walda, da tabarau mai rufe gefen ido. Rigar ƙwallo da duk yadin roba narkewa suke yi su manne a fata. Silifas, babbar riga da rawani mai jela, duk a bar su a gida. Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare hayaƙin dalma, kuma rawanin da aka naɗe a hanci ƙura kawai yake tarawa ya kai ta gida. Idan ka samu na masu feshin fenti mai matata a gefe, irin wanda aka rubuta wa P100 ko P3, ka saya, ya fi kuɗinsa.

Sabuwar tukunya ba a fara ta da dalma. Ɗora ta wayam a kan wuta, ka koma gefe, ka bar mai da fenti da dattin shago su ƙone har hayaƙi ya ɗauke. Ka bar ta ta huce da kanta, ka goge cikin da burushin waya, ka kife ta ka kakkaɓe tsatsar. Haka za ka yi wa ludayi da cokali.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wato inda za ka samo dalmar. Mafi kyau ita ce tsohuwar dalmar raga, ka saya daga 'yan'uwanka masunta, ka yanke guntayen igiyar da ke ciki. Sai tsohon bututun dalma da bawon tsofaffin wayoyin ƙarƙashin ƙasa da ake samu wurin 'yan gwangwan, da 'yan nauyin da masu gyaran taya ke maƙalawa a bakin wili. Waɗannan na taya sai an tantance, domin yanzu da yawansu tutiya ne ko ƙarfe. Gwajin mai sauƙi ne. Dalma tana karɓar tsinin wuƙa ta nuna haske a ciki, filaya tana lotsa ta, tana zana baƙi-baƙi a takarda, idan ta faɗi kan siminti sai ka ji tim. Tutiya tana da tauri, ƙara take yi idan ta faɗi.

Batir kuwa, ɗan'uwa, ka bar shi. Na san shi ya fi yawa, musamman yanzu da sola ta shiga ƙauyuka, kowane gida da mataccen batir a lungu. Amma ruwan da ke ciki yana cin fata yana makantarwa, kuma yawancin dalmar da ke jikin farantansa ba ƙarfe ba ce, gari ce, wadda ba ta komawa ruwa a wutar gawayi irin taka, sai dai ta tashi ƙura ta bi iska. Abin da za ka samu kaɗan ne, abin da za ka watsa wa gari shi ne mai yawa. Ban da haka, ana gauraya dalmar batir da wasu sinadarai waɗanda dattinsu, idan ya jiƙa, yake fitar da iska mai kisa. Ka sayar da batir a rufensa ga masu tarawa suna kaiwa masana'anta, ka sayi dalma mai tsabta da kuɗin.

Duk abin da ka tara, ka shanya shi a rana ya bushe ƙarau, a can wurin aikin, ba a gida ba. Ka zaɓi ranar da gari ya yi garau, da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Ka ci abinci ka ƙoshi kafin ka fito, domin cikin da ba komai ya fi saurin tsotse dalma, shi ya sa ban ga dalilin yin wannan aiki da azumi a baki ba. Ka jera dalmar a tukunya tun tana da sanyi, ƙananan guntaye a ƙasa, sa'an nan ka hura wuta. Ta haka duk danshin da ya ɓuya a ramin tsohuwar dalma zai fice tun kafin a samu ruwan ƙarfe.

Wannan ƙa'ida kada ka taɓa karya ta: ba a jefa dalma mai sanyi cikin wadda ta narke. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. Ɗigo ɗaya da ya nutse ƙarƙashin narkakkiyar dalma ya isa ya watso rabin tukunya sama, ta sauko a fuska da wuya. Tsohuwar dalmar raga ita ce ta fi wannan haɗari, don ta sha ruwa shekara da shekaru, laka ta toshe ramukanta. Idan kana son ƙari, ka jera guntayen a gefen murhu su yi zafin da ba a iya taɓawa, ka sauke su a hankali da awartaki. Ludayi ma sai ya sha wuta kafin ya shiga. Gumin goshinka ruwa ne, ka ɗaura ƙyalle. Hadari ya taso, ka rufe tukunya ka janye gawayi. Bokitin ruwan da ka tanada saboda ƙuna ya zauna taku goma daga murhu, a rufe.

Kada dalmar ta wuce kashi biyu cikin uku na tukunya. Da ta narke za ka ga ƙarafan maƙalawa na taya da ƙasa da tsatsa sun taso, domin kusan komai yana iyo a kan dalma. Ka kwashe su. Idan ka ga wani guntu yana yawo ya ƙi narkewa, tutiya ce, ka cire ta maza. Ita sai digiri 420 take narkewa, kuma idan ka bari wuta ta kai ta, dalmar za ta koma kamar kunu mai gudaji, ta ƙi bin mazubi, ba kuma yadda za ka raba su.

Daga nan sai tacewa. Ka barbaɗa tafi ɗaya na busasshen garin katako a kai, ko ka jefa ɗan guntun kyandir ko kakin zuma kamar ƙwayar gyaɗa. Zai yi hayaƙi, wani lokaci ya kama da wuta, ka ja da baya har ya lafa. Ka juya a hankali, kana kankaro gefe da gindi, sai dattin ya taso ya zama toka-toka, ƙarƙashinsa kuma ruwan ƙarfe yana sheƙi. Wannan tokar da ka kwashe ita ce mafi guba a duk aikin, domin gari ce mai tashi. Cikin gwangwani mai murfi za ta tafi kai tsaye, ba a ƙasa ba.

Zafi shi ne abin da sabon shiga ke wuce gona da iri a kansa, yana ganin idan wuta ta yi ƙarfi aiki zai yi sauri. Zubi yana kyau tsakanin digiri 350 da 400. Da an doshi 500, hayaƙin dalma ya fara tashi sosai, ba a ganinsa, ba shi da wari, huhu kuma yana shanye shi fiye da yadda ciki ke yi. Tunda ba ma'auni gare ka ba, ka sa ido. Tsoma busasshen tsinken itace: idan ya yi ja-ja bayan ka ƙirga uku ko huɗu, ta yi. Idan ya kama da wuta nan take, ta wuce. Idan fuskar dalmar tana rikiɗa ruwan zinare da shuɗi da sauri bayan ka share, ka rage gawayi. Idan ka ga gari rawaya yana taruwa, ko gindin tukunya ya fara ja, ka janye wutar gaba ɗaya ka koma bayan iska.

Mazubi iri biyu ne. Mai sauƙin shi ne na falle. Ka samu farantin ƙarfe mai ɗan baki, ka daidaita shi a ƙasa, ka ɗumama shi, ka zuba dalma ta bazu kaurin milimita 2 ko 3. Idan ta huce ka yanka ta da almakashin kwano gunduwa-gunduwa, ka naɗe kowace a igiyar raga ka matse da filaya. Ɗayan shi ne mai rami: ƙarfe biyu da ake haɗawa, an huda ramuka tsakaninsu, ana tsayar da ƙusa a tsakiyar kowane rami don ta bar hanyar igiya. Ka shafa wa ramukan da ƙusoshin kunkunniyar kyandir, dalma ba za ta manne ba. Mazubin yumɓu yana yi idan an gasa shi sosai, amma ɗanye ko wanda ya kwana a raɓa fashewa yake yi. Kowane iri ne, sai ya yi zafi kafin zubi. Mazubi ya zauna a ƙasa, a kan yashi, ba a hannu ba. Ka ɗebo da ludayi daga ƙasan tukunya, ka zuba a tashi ɗaya ba tsayawa. Zubin farko da na biyu sukan fito da tamoji saboda mazubi bai gama ɗaukar zafi ba, ka mayar da su gefen murhu. Dalmar da ta daskare tana kama da mai sanyi alhali tana iya cire fatar yatsa, don haka awartaki ne mai ɗauka.

Ka auna ɗaya a sikelin mai shago ka san lissafinka. Idan kowace giram 30 ce, ɗari za su ba ka kilo 3. Gyaran baki da wuƙa ake yi, a tara ɓawon a mayar tukunya. Magagari da takardar yashi gari suke yi, a guje su. Ga kuma wata ɗabi'a da ta zama jiki ga masunta: matse dalma da haƙori, ko riƙe bakin birgi a baki lokacin jifa. Filaya ta ɗauke maka na farko. Na biyun kuma, ka bar wani yanki na igiyar babu dalma, ko ka koyi jifa daga kafaɗa.

Idan ƙuna ta samu, a bar wurin murhu, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kai har minti ashirin, kada a ɓanɓare abin da ya manne, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Idan ido ne, ba jira.

Tashi daga aiki yana da nasa tsari. Ka juye ragowar dalmar a ƙarfe mai kusurwa ta zama sanduna, kada ka bar tukunya cike ta daskare, domin ranar da ka sake ɗora ta, ƙasan ne zai fara narkewa ya kumbura, ya huda saman ya yi feshi. Ka rufe ta, ka kulle ta da sauran kayan a akwatin ƙarfe nan wurin. Bayan komai ya huce, ka yayyafa ruwa a daɓen ka kwashe da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa ƙura take tayarwa. Tokar murhun nan kada ta je gona, kada a ba mata ita su wanke tukwane ko su tace ruwan toka na miya. Ita da dattin gwangwani a ajiye su a bushe, a rufe, a haɗa wa masu sayen tsohuwar dalma. Ba a zuba su a bola, ko masai, ko gulbi.

Muddin kana wurin, ba goro, ba taba, ba ruwan leda, ba amsa waya. Idan ka gama, ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka goge ƙarƙashin farce, kafin ka yi alwala, domin da hannun nan za ka kai ruwa baki da hanci. Kayan aiki da takalmi su kwana a can, ka wanke su da kanka, kada su shiga wankin iyali. Ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro. Abin da ya kashe yaran Anka ke nan, ƙurar da ta shigo gida ta zauna a tabarma da ƙasan ɗaki, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, abin da ta ɓata kuma ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira lafiya lau. Saboda haka yaro ba ya kawo maka abinci wurin nan, almajiri ba ya zuga maka wuta, mai ciki da mai shayarwa ba sa zuwa, kuma ba a kai raga gida a ba yara su saka mata dalma. Maganar da ake yi cewa nono ko madara na wanke ta, ba gaskiya ba ce. Abinci mai kyau yana rage abin da ciki ke tsotsa, amma ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga.

Ga babba, alamunta sukan zo a saɓe: murɗawar ciki da ƙin fitar bayan gida, ciwon kai, kasala, saurin fushi, mantuwa, sanyin wuyan hannu har ya kasa ɗaga ludayi, raunin namiji, hawan jini. A gida kuma ɓari, ko yaro ya daina cin abinci, ya yi ta amai, ya yi jijjiga. Idan ka ga haka ka dakatar da aiki, ka je babban asibitin Talata Mafara ko wanda ya fi kusa, ka faɗa wa likita da bakinka cewa dalma kake narkawa, ka nemi a auna ta a jini. Idan ba ka faɗa ba, maganin zazzaɓi ko na gyambon ciki za a ba ka.

Ba kowace raga ce ke bukatar dalma ba. Kalli da taru suna tsayawa da gasasshen yumɓu mai huji, ko tsofaffin notina, ko guntun sarƙa, kakanninmu ma da yumɓu da dutse suka yi su. Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su suna mutuwa. Birgi ne kawai ke da hujja mai ƙarfi, don yana son nauyi mai yawa a ƙaramin jiki.

Shawarata ga Sarakunan Ruwa da shugabannin masunta na Damaga, Maradun, Bakura da Talata Mafara ita ce kada a bar kowane gida ya kafa tasa. A haɗa kuɗi a yi rumfa ɗaya a bayan gari, da daɓe da akwati mai kwaɗo, a damƙa ta ga mutum biyu ko uku manya masu natsuwa, a sa rana ɗaya a wata da rani wadda kowa zai kawo tsohuwar dalmarsa a zuba masa. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana narkawa a tsakar gida, ya daina daga yau, ya kankare ƙasar wurin bayan ya jiƙa ta, ya fitar da ita daga gidan, ya kai yaransa a duba jininsu.